Motata ta fara shan mai fiye da kima cikin makonni uku: daga ina zan fara bincike?

Tambaya: Ina da mota mai amfani da fetur, silinda huɗu, giyarta otomatik, ta yi tafiyar kilomita dubu 180 da 'yan kai. A da idan na cika tanki ina yin kusan kilomita 550 kafin fitilar mai ta kama. Cikin makonni ukun nan ko 400 ba na kaiwa. Babu fitilar gargaɗi da ta kama, injin kuma ba ya rawa. Na sauya filogi da matatar iska, ba abin da ya canza. Yanzu makanikina ya ce a sauya famfon mai da nozul gaba ɗaya. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda tukuna. Ba wai ina zargin makanikinka da son zuciya ba ne. Shawarar ce ba ta dace da alamomin da ka kawo ba. Famfon mai idan ya gaji, ƙarancin mai yake jawowa: mota ta riƙa shaƙewa a hawa, ka taka totur ta yi sanyin jiki, wani lokaci ta mutu a hanya. Da wuya ka ga famfon da ya raunana ya sa mota ta ƙara sha. Nozul kuwa yana iya zama sanadi, amma ba kasafai huɗu ke lalacewa rana ɗaya ba, kuma akwai gwajin da ake yi kafin a yanke masa hukunci. Za mu zo kansa.

Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne makonni ukun da ka ambata. Injin da tsufa ya kama, shan mansa a hankali yake hawa, shekara da shekaru, har mai motar bai san ranar da abin ya fara ba. Naka ba haka ba ne. In muka ɗauka lita 50 kake ƙonewa tsakanin cikawa da cikawa, a da kana shan lita 9.1 a kowace kilomita 100, yanzu ka koma lita 12.5. Ƙarin kashi 37 cikin ɗari ke nan, a cikin ƙasa da wata guda. Ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan faɗuwar kusan kullum abu ɗaya ne ke bayanta, ko dai wani abu ya lalace, ko wani abu ya canza a yadda ake amfani da motar. Aikinmu shi ne gano wannan abu guda, a maimakon sayen kaya ana lalube cikin duhu.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, ina so ka tabbatar da lissafin. Allurar gejin mai da fitilarta ba ma'auni ba ne da za a gina hukunci a kai. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai yawo a saman mai, haɗe da hannu da ke goga wani layin lantarki. Layin nan yana cinyewa, hannun yana iya lanƙwashewa, sai fitila ta fara kamawa alhali akwai sauran lita goma sha biyar a tanki. Na sha ganin wanda ya zo yana kukan shan mai, ashe gejin ne ya fara yi masa ƙarya. Hanyar da ba ta ruɗi ita ce ka cika tanki har bakin famfon gidan mai ya tsaya da kansa karo na farko, kada ka ce a ƙara. Ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sannan ka koma famfon nan dai ka sake cikawa zuwa tsayawar farko. Litar da ta shiga ita ce ka ƙone. Ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Ka yi haka sau biyu ko uku, domin cikawa ɗaya tana iya karkacewa. Idan a da lita 50 ke shiga bayan fitila ta kama, yanzu kuma 37 ke shiga, to injinka lafiyarsa ƙalau, gejin ne za a duba.

Ita ma mitar tafiya tana iya ruɗinka idan ka sauya girman taya. Mitar juyawar taya take ƙirgawa. Tayar da aka rubuta wa 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, mai 215/70 R15 kuwa kusan 682. Wanda ya tashi daga ta farko zuwa ta biyu, mitarsa za ta riƙa rage masa kusan kashi 7 cikin ɗari na tafiyar da ya yi, ga kuma nauyin tayar da ya ƙaru a kan injin.

Daga nan sai ka zauna ka tuna abin da ya faru kwanaki kaɗan kafin matsalar ta fara. Wannan tambayar ce nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini irin wannan ƙorafi, kuma sau da yawa a cikin amsarta ake samun bakin zaren. An yi wa motar wani aiki? An taɓa lagireto, ko birki, ko salansa, ko bel ɗin tayimin? An wanke inji da ruwa mai ƙarfi? Ka sauya hanyar zuwa aiki, ko ka koma gajerun tafiye-tafiye? Wani ya fara tuƙa motar ban da kai? Ka ɗora kariyar ɗaukar kaya a saman motar? Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta nuna cewa akwatin kaya a saman mota yana iya rage nisan da mai ke kaiwa da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya, kuma na'urar sanyaya mota a tsananin zafi tana iya cin fiye da kashi 25, musamman a gajeriyar tafiya. Sanyi ma haka: a digiri 7 ƙasa da sifili, tuƙin cikin gari yana rasa kusan kashi 15 idan aka kwatanta da digiri 25. Injin da aka bari yana silo a tsaye yana ƙone lita ɗaya zuwa biyu a awa gwargwadon girmansa, kuma ko taku ɗaya mita ba ta ƙirga masa ba. Gudu kuma yana da nasa haraji, domin turjiyar iska ba daidai da gudu take hawa ba: wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120, ƙarfin iskar da yake turawa ya ƙaru da kashi 44. Idan motar tana kwana a inda kowa ke iya kaiwa gare ta, ka sa yiwuwar zuƙe mai a lissafi, ka sa wa tankin murfi mai makulli na sati biyu ka gani.

Iskar taya fa? Ka duba ta da safe kafin mota ta motsa, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin tayar ba. Amma kada ka sa ran ita kaɗai za ta bayyana naka. Asarar kusan kashi 0.2 cikin ɗari ce a kan kowane psi ɗaya (ma'aunin matsin iska) da tayoyin suka rage. Ko da duka huɗun sun sauka da psi 10, kashi biyu ne kawai, kai kuma 37 kake nema.

Idan lissafi ya tabbata kuma ba abin da ya canza a tuƙinka, abu na farko a jikin motar shi ne yoyo, saboda yana iya cin rai. Ka tayar da mota a wuri mai iska, ka bar ta tana silo, ka zagaya kana shinshinawa: wajen tanki, ƙarƙashin kujerar baya inda murfin famfon mai yake a motoci da yawa, layin bututun mai a ƙarƙashi, da kan inji inda nozul ke zaune. Fetur yana bushewa da sauri, don haka rashin ganin ɗigo a ƙasa ba shaida ba ne. Wani yoyon ma sai injin na aiki, bututu na ɗauke da matsi, yake fitowa. Ka nemi wurin da ƙura ta jiƙe ko ta wanke ta bar tabo. In ka ji warin ɗanyen fetur a ƙarƙashin bonet, ka kashe motar, kada ka sake tuƙa ta sai an gyara.

Yanzu ga wanda na fi zargi a irin bayaninka, wato zafin inji. Mutane sun san haɗarin inji ya yi zafi fiye da kima, amma kaɗan ne suka san cewa injin da ya kasa yin zafi ma mara lafiya ne. An ƙera injin fetur ya yi aiki ruwansa na tsakanin digiri 85 zuwa 105. Yana sanyi, fetur ba ya narkewa cikin iska yadda ya kamata, wani yana mannewa a bangon hanyar shiga da na silinda, sai kwamfutar mota ta ƙara mai da gangan don injin ya samu abin ƙonawa. Wannan ƙarin na 'yan mintunan farko ne kawai. Abin da ke sa injin ya yi zafi da wuri shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai ya kai zafin da aka tsara. Idan ya maƙale a buɗe, ruwa na zagayawa tun daga tashi, injin ya yini bai kai zafinsa ba, kwamfuta kuma ta yini tana ba shi abincin safe. Ƙari a kan haka, giyar otomatik a motoci da yawa ba ta shiga giyar ƙarshe ko ta kulle sai zafi ya kai wani mataki, ka ga asara ta zama biyu. Kuma duk wannan yana faruwa injin na tafiya sumul, ba rawa, ba tari, daidai da yadda ka kwatanta.

Shi ya sa na tambaye ka ko an taɓa lagireto. Akwai kanikawan da idan mota ta yi zafi sai su cire tamostat su jefar, wasu har su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna makulli. Ina adawa da wannan ƙwarai. Ba ya magance abin da ya kawo zafin, ɓoye shi kawai yake yi, sannan ya bar mai motar da shan mai da saurin cinyewar inji. An taɓa kawo mini wata mota da aka sauya wa filogi sau biyu, aka wanke nozul, aka sa sabon famfo, duk a banza. Da muka ɗora ta a na'urar da ke karanta kwamfutar mota muka hau babbar hanya, zafin ruwan bai wuce digiri sittin da 'yan kai ba. Muka kwance gidan tamostat muka tarar da shi wayam. An cire shi ne lokacin wani gyaran lagireto, ba a ma gaya wa mai motar ba.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Da safe injin na sanyi, ka tayar, ka dafa babban tiyon sama da ya tashi daga inji zuwa lagireto, kana kiyaye hannunka da rigarka daga fanka da bel. Idan tamostat na aiki, tiyon zai zauna da sanyinsa na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi kusan lokaci guda. Idan tun farko yake ɗumi a hankali a hankali, ruwa na wucewa tun ba a ba shi izini ba. Ka lura kuma da allurar zafi a babbar hanya: in tana sauka idan ka yi gudu ko gangara, ta hau a cunkoso, alamar ke nan. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Akwai kuma inda injin ke yin zafinsa daidai amma kwamfuta ba ta sani ba. Sensar zafin ruwa turjiyarta ga lantarki raguwa take idan ta yi zafi. Tsatsa ko datti a soket ɗinta yana ƙara turjiya, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu injin na sanyi. Allurar gabanka ba lallai ta tona wannan ba, don a wasu motoci sensarta daban ce. Yadda ake kama ta: mota ta kwana, kafin a tayar a duba na'ura, zafin ruwa da zafin iskar shiga ya kamata su yi kusan daidai, bambancin digiri kaɗan. In ɗaya ya ce 28 ɗaya ya ce 5, an kama mai laifi.

Na biyu a zargina ba ya cikin inji sam. Birki ne da ke riƙe taya. Fistin ɗin kalifa, wato maƙatar da ke matse birki, ko fil ɗin da take zamewa a kai yana iya cijewa saboda tsatsa, wayar birkin hannu tana iya ƙin sakewa, kuma tiyon roba na man birki yana iya ruɓewa daga ciki ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, mai ya tafi idan ka taka amma ya kasa dawowa. Direba ba ya saurin ganewa, domin ƙafarsa tana ƙara taka totur ba tare da ya lura ba. Ka yi tafiyar minti goma sha biyar a hanyar da ba sai ka yawaita taka birki ba, ka tsaya a hankali, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi 'yar'uwarta ta ɗaya gefen zafi sosai, ko take warin ƙuna, ko ta fi sauran baƙar ƙura, ita ce. Sai a ɗaga da jak a juya tayar da hannu. A nan ne kuma za a ji boris idan ya fara gurnani, a ga cin taya na gefe ɗaya idan saitin ƙafa ya goce bayan faɗawa rami. Wata alama mai sauƙi: a fili mai shimfiɗe, ka ɗaga ƙafa daga totur a ƙaramin gudu. Motar da ka sani tana gangarawa da nisa, in ta fara tsayawa da wuri kamar ana janta ta baya, ka duba ƙafafunta.

In waɗannan sun fita lafiya, lokacin na'urar bincike ya yi. Amma kafin nan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar inji tana kamawa tare da sauran. Idan ba ta kama ba, ƙwanta ya mutu ko an cire shi, kuma maganar cewa babu fitilar gargaɗi ta faɗi. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, duk suna da soket mai ƙafa 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Ko fitila ba ta kama ba, kwamfuta tana ajiye lambobin laifin da ta gani sau ɗaya tana jiran ta sake gani. A karanta su, a rubuta, kada a goge kafin a rubuta. P0128 na nufin injin bai kai zafinsa ba. P0172 mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa. P0300 zuwa P0304 misin ne, wato silinda ta kasa ƙone mai. P0135 hitar sensar iskar oksijin ce. P0741 kullen da ke haɗa inji da giya ne. Lamba dai tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan ba. P0171 ba ya nufin a sayi sabuwar sensa.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne alƙaluman da ke motsi injin na aiki, musamman biyu da za ka gani an rubuta STFT da LTFT. Bari in yi bayaninsu, don duk binciken a kansu ya rataya. Fetur yana ƙonewa tsaf idan aka haɗa giram 14.7 na iska da giram ɗaya na mai. Kwamfuta tana auna iskar da ke shiga, ta lissafa man da ya dace, ta buɗe nozul na ɗan lokaci. Sannan sensar oksijin da ke bakin salansa, kafin katalis mai tace hayaƙi, ta shinshina hayaƙin ta ba da rahoto ko an yi daidai. Gyaran da kwamfuta ke yi bisa wannan rahoton shi ne alƙaluman nan biyu, na farko na nan take, na biyu wanda ta koya ta riƙe. Lafiyayyen inji yana zama kusa da sifili, kashi 5 sama ko ƙasa. In jimillarsu ta wuce 10, akwai magana.

Idan alƙaluman sun yi ƙasa da sifili sosai, kwamfuta na ƙoƙarin rage mai ne, ma'ana mai yana shiga ta hanyar da ba ita ta ba da umarni ba. A nan ne nozul ke shigowa. A ɗaura gejin matsi a layin mai, wanda a irin injinka yawanci yake tsakanin 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na bar, a kashe mota a zuba ido. Matsin ya kamata ya tsaya na tsawon mintuna. In ya zube da sauri, ga wahalar tashi idan inji na da zafi, ga baƙin hayaƙi a farkon tashi, to akwai inda ke ɗiga, kuma ana iya ciro nozul ɗin a kan layinsu a ga wanne ne da ido. A motocin da ke da na'urar daidaita matsin mai a kan inji, a zare ɗan siririn tiyon da ke kanta. Ya kamata ya zama busasshe. In akwai fetur a ciki, fatar da ke cikinta ta yage, injin na zuƙar ɗanyen mai kai tsaye. Akwai kuma bawul ɗin da ke sakin tururin tanki zuwa inji. In ya maƙale a buɗe, alamarsa ita ce mota ta yi gardamar tashi daidai bayan an sha mai, kuma masu matsa wa tanki bayan famfo ya tsaya su suka fi gamuwa da shi, don ɗanyen mai yana malala cikin gwangwanin gawayin da aka yi don tururi kawai. Ka zaro sandar baƙin mai ka shinshina. In yana warin fetur ko ya haura alamar cika, mai yana gangarawa cikinsa, kuma dole a sauya shi bayan gyara.

Idan kuma alƙaluman sun haura sifili sosai, kwamfuta ƙara mai take yi saboda an gaya mata iska ta yi yawa. Tambayar ita ce ko gaskiya aka gaya mata. In sun yi sama a silo, suka sauko idan aka riƙe inji a juyi 2,500 a minti, iska ce ke satar shiga ta tsagaggen tiyo ko gasket. In a silo suna daidai amma suna hawa da ƙarin gudu, a duba sensar auna iska, wadda ake kira MAF, don datti a kan siririyar wayarta yana sa ta rage ƙirge. Ana wanke ta da ruwan wankinta na musamman, ba a goga ta da komai. Amma wanda ya fi cin mai a cikinsu shi ne rahoton ƙarya. Tsagewa a salansa kafin sensar oksijin tana zuƙo iskar waje, sensa ta ga oksijin ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa a kan injin da ba ya buƙata. Za ka ji ƙarar tas-tas da safe wadda ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi. Misin ma haka yake yi, silindar da ba ta ƙone ba tana tura oksijin ɗinta cikin hayaƙi. Ita kanta sensar tana gajiya, kuma a kilomita dubu 180 ba abin mamaki ba ne. Irin ta da, lafiyayya tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 na lantarki ba tsayawa idan inji ya yi zafi. Wadda ta kwanta a ƙasa ko take jan ƙafa ta gama aiki. Sababbin motoci da yawa suna da wata iri da ba ta wannan lilo, ita ana duba ko adadin da ake kira lamda yana zaune kusa da 1.

Kana da shaida a hannu da ba ka yi amfani da ita ba: filogin da ka sa. Ka ciro su ka jera bisa tsarin silinda. Launin toka ko ƙasa-ƙasa lafiya ne. In duka huɗun sun yi baƙin tururi busasshe, matsalar ta kowa ce, a nemi zafin inji, sensa ko matsin mai. In ɗaya ne kawai ya yi baƙi, nozul ko koyil na wannan silindar ne, kuma shi kaɗai za a sauya. Game da matatar iska, ban yi mamaki da sauya ta bai taimaka ba. Ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka ya gwada wannan a 2009, ya samu cewa a mota mai nozul da kwamfuta toshewar matata ƙarfi take ragewa, ba ta taɓa shan mai sosai, don kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta samu. A mota mai kafireto ne take sa sha.

Saura abubuwa uku da ake dubawa idan zafi daidai ne, ƙafafu na juyawa, alƙaluman gyara kuma suna kusa da sifili. Wannan yanayin yana nufin haɗin iska da mai daidai yake, ƙarfin ne ke ɓacewa a wani wuri. Na farko giya. Ka duba ko an danna maɓallin da ke hana shiga giyar ƙarshe, wanda a wasu motoci yake jikin sandar giya, gwiwa ko yaro na iya taɓa shi. Sannan ka kalli allurar juyin inji a gudun 100. In ka saba ganin wajen 2,300 yanzu kana ganin 3,000, ko allurar tana tsalle da ɗan taɓa totur, to kullen da ke haɗa inji da giya kai tsaye a babbar hanya ya daina kamawa. A duba yawan man giya da launinsa da warinsa. Na biyu katalis da ya narke ya toshe. Alamarsa mota ta yi lafiya a ƙaramin gudu amma ta ƙi ja a hawa kamar an toshe mata hanci. Ana cire sensar oksijin ta gaba a ɗaura geji a ramin, a juyi 2,500 matsin bai kamata ya wuce psi 3 ba. In ya toshe, a nemo abin da ya kashe shi, don galibi misin ko yawan mai ne ke narkar da shi, kuma zai narkar da sabon. Na uku tayimin: bel da ya tsallake haƙori ɗaya, musamman bayan an yi aiki a wurin, ko sensar da ke jin ƙwanƙwasar inji, wadda ke sa kwamfuta ta jinkirta wutar filogi, abin da gurɓataccen fetur ma ke jawowa. In matsalar ta fara ne daidai bayan wani shan mai, ka ƙarar da man da ke tankin ka gwada wani gidan mai kafin komai.

Ga masu motar dizal da za su karanta wannan, tsarin binciken ɗaya ne, sai dai waɗanda ake zargi sun bambanta: tiyon iskar tarbo da ya tsage, bawul ɗin mayar da hayaƙi da ya maƙale, matatar toka a salansa da ke yawan ƙone abin da ta tara saboda gajerun tafiye-tafiye, da nozul da ake gwadawa ta auna man da kowanne ke mayarwa.

Ka koma wurin makanikinka da lissafin cikawa biyu a rubuce, ka roƙe shi ya nuna maka abu huɗu a na'ura injin na da zafi: zafin ruwa bayan tafiyar minti ashirin, alƙaluman gyara a silo da a juyi 2,500, motsin sensar oksijin, da matsin mai bayan an kashe. In har bayan wannan nozul ne ya faɗi gwaji, ka sauya wanda ya faɗi. Duk abin da aka gyara, a gyara shi shi kaɗai, a goge abin da kwamfuta ta koya don ta fara sabon lissafi, sannan ka sake awon cika tanki sau biyu a hanyar da ka saba bi kafin a taɓa wani abu na daban.